Idan Hinjin Gilashin Bayan Mota Ya Ɓalle

Jawabi ga direbobi da masu motoci da yara masu koyon gyaran mota a karkara

  

Jawabin yau a kan wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu girma ba. Sunansa hinji. Hinji shi ne ƙarfen da ƙofa take juyawa a kansa idan an buɗe ta ko an rufe ta. Kowa ya san shi a jikin ƙyauren ɗaki da murfin akwati. To, mota ma tana da nata.

Akwai motocin da gilashinsu na baya yake buɗewa shi kaɗai. Ana ɗaga shi sama a sa kaya, ba sai an buɗe ƙofar but duka ba. Hinji biyu ne suke riƙe da shi daga sama. A gefe da gefe akwai sanduna biyu masu tura shi sama, waɗanda makanikai suke kira shok. Daga ƙasa kuma akwai makulli.

Irin waɗannan motoci suna da yawa a Nijeriya. Galibinsu jif ne na gwanjo da aka shigo da su daga Amurka da Turai. Akwai Nissan Pathfinder ƙirar 1996 zuwa 2012. Akwai Honda CR-V ƙirar 1997 zuwa 2006. Akwai Ford Explorer ƙirar kafin 2011, da Chevrolet Tahoe. Haka nan a-kori-kura wadda aka ɗora wa rumfa, ita ma tagarta ta baya a kan hinji take. Motocin nan a birni suka fara zama. Da suka kwana biyu sai suka gangaro karkara. Su ne suke kai mara lafiya asibiti, su ɗauko amarya, su kai kaya ranar kasuwa.

Mota in ta tsufa, hinjin nan yakan ɓalle. Gyaransa yana yiwuwa, kuma kuɗinsa bai kai na sabon gilashi ba. Amma gyara ne da ba ya son gaggawa. Yana bukatar abu uku: sanin halin gilashin, samun gam ɗin da ya dace, da haƙuri.

Me ya sa ba a sakaci da shi?

Wani direba yakan ce, "Ai hinji ɗaya ne ya tafi, ɗayan yana nan." Sai ya ɗaure da igiya ya ci gaba da tafiya. Wannan ganganci ne, saboda dalilai huɗu.

Na farko, gilashin yana da nauyi. Wanda yake sa kaya a but, kansa yana ƙarƙashin gilashin ne. Sau da yawa yaron mota ne, ko yaron da aka aika ya ɗauko jaka. In gilashin ya faɗo, a ka ko a wuya zai same shi.

Na biyu, nauyin da hinji biyu suke ɗauka ya koma kan guda. Gilashin zai riƙa murɗewa duk lokacin da aka buɗe shi. Ba zai daɗe ba zai fashe. Aikin da kwalin gam ɗaya zai yi, sai ya koma sayen gilashi sukutum.

Na uku, gilashin yana iya fita ana cikin gudu. Mai babur ko mai keke da ke biye, shi ne zai kwana ciki.

Na huɗu, kuma shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, hayaƙi. Idan mota tana tafiya, iskar da ke bayanta takan juyo ta manne mata. Shi ya sa ƙura take taruwa a gilashin baya fiye da ko'ina. In akwai kafa a wurin, ƙura za ta shiga, hayaƙin salansa ma zai shiga. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kawo ciwon kai da jiri da barci. In ta yi yawa tana kashewa. Waɗanda suka zauna a kujerar baya su take fara samu, kuma yawanci mata ne da ƙananan yara.

Masu ƙera motar ma ba su ɗauki wannan abu da wasa ba. A shekarar 2004, kamfanin Ford ya kira masu motoci fiye da 900,000 a Amurka su kawo motocinsu a gyara musu kyauta. Motocin su ne Explorer da Mountaineer ƙirar 2002 da 2003. Dalili shi ne, shok yana iya kuɓucewa ko hinji ya karye, gilashin ya faɗo.

Sanin halin gilashi

Gilashin mota iri biyu ne. Na gaba falle biyu ne da aka manne, da wata siririyar leda a tsakani. Shi ya sa in dutse ya buge shi yakan tsage amma ya tsaya a wurinsa.

Na baya ba haka yake ba. Falle ɗaya ne da aka gasa. A masana'anta ana zafafa shi har ya wuce digiri 600, sa'an nan a hura masa iska ya huce nan da nan. Wannan gashi yana sa shi ya fi gilashin taga ƙarfi wajen sau huɗu. Amma yana da hali guda. Ba ya tsagewa kaɗan. Ran da ya ji rauni mai zurfi, duka yake wargajewa lokaci ɗaya, ya zama tsaki-tsaki kamar tsakuwa.

Saboda haka gasasshen gilashi ba a huda shi, ba a yanka shi. Duk hudar da aka gani a jikinsa, tun kafin a gasa shi aka yi ta. Wanda ya ce zai sa injin huda ya yi sabon rami don ya ɗaura noti, to, a hana shi. Kafin ramin ya ɓulle, gilashin ya zube.

Wurin da ya fi rauni shi ne bakinsa. Tsakiyarsa tana jure duka, amma ɗan ƙwanƙwasa da sifana a gefe yana iya fasa shi. Mai aiki ya riƙe wannan a ransa tun daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma baƙin fenti da ya zagaye bakin gilashin. Ba ado ba ne kawai. Tare da gilashin aka gasa shi. A kansa gam yake kamawa, kuma shi ne yake kare gam daga hasken rana. Siraran layukan da suka ratsa gilashin kuwa wayoyin wuta ne masu kore raɓa. Kada a kankare baƙin fentin, kada reza ta bi ta kan layukan.

Abin da yake ɓalle hinji

Hinji ba ya ɓallewa dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Zafin rana yana cinye ƙarfin gam a hankali. Hanya mai gargada tana girgiza noti har ya kwance. Ruwan damina yana shiga ƙusar hinji ya kawo tsatsa. In ƙusar ta cije, hinjin ya daina juyawa da sauƙi. Duk buɗewa sai an yi da ƙarfi, ƙarfin kuwa a kan gam yake sauka.

Lodi ma yana da nasa laifi. A cika but da buhuna, a danna gilashi a kansu da ƙarfi don ya rufu. Wani lokaci a bar shi a buɗe ana tafiya, yana sama yana ƙasa. Babu hinjin da zai jure wannan.

Sai kuma shok. A cikinsa akwai iskar gas da aka matse. Kullum yana cikin tura gilashin, ko a rufe yake. A jikin kowane shok akwai lamba mai harafin N a ƙarshenta. Lambar nan ita ce ƙarfinsa. Shok na ƙofar but ya fi na gilashi ƙarfi nesa. Wanda ya ɗauki na ƙofa ya sa wa gilashi, da hannunsa ya tsige hinjinsa.

A duba kafin a taɓa

Likita ba ya ba da magani sai ya ga mara lafiya. Makaniki ma haka. Ya tsaya ya duba da kyau, ya gane wace irin ɓallewa ce. Iri uku ne.

Ta farko, hinji mai noti. Notin ya bi ta ramin da ke jikin gilashi. A nan ko dai notin ya kwance, ko ya karye, ko robar da ke ƙarƙashinsa ta mutu.

Ta biyu, hinji mai gam. Babu rami a gilashin. Manne hinjin aka yi tun daga masana'anta. A nan gam ne ya saki.

Ta uku, hinjin da kansa ne ya karye gida biyu, ko ƙusar tsakiyarsa ta cinye. Wannan sai canji. Ana samun na gwanjo a kasuwannin kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Mai saye ya tafi da tsohon a hannu don ya gwada, domin a motoci da yawa na dama dabam yake da na hagu.

Abubuwan da ba a yi

Kada a kai motar wurin mai walda gilashi yana jiki. Tartsatsin walda yana ƙona gilashi, zafinta kuma yana fasa shi. Ban da haka, hinji da yawa ba baƙin ƙarfe ba ne. Zubi ne na ƙarfe mai taushi, wanda yake narkewa kafin walda ta kama shi.

Kada a sa sufagulu. Yana kamawa nan take, amma busasshe ne ƙayau. Ba ya jure ruwa, ba ya jure girgiza.

Kada a sa silikon, wato farin gam ɗin da ake toshe tagar gida da shi. Aikinsa hana ruwa shiga. Ba ya ɗaukar nauyi. Kuma yana barin santsi a jikin gilashi, wanda zai hana gam na gaske kamawa daga baya.

Gam mai kwali biyu da ake cakuɗawa, shi ma a yi hattara da shi. In ya bushe yakan yi tauri kamar dutse. Ƙarfe da gilashi kuwa ba sa miƙewa daidai da juna in rana ta buge su. Gam mai tauri ba ya ba su hanya, sai ya saki, ko ya ɓantaro gilashin.

Kada a wanke wurin da fetur ko kananzir ko man gas. Suna barin maiƙo, gam kuwa ba ya shiri da maiƙo.

Kayan aiki

Gam ɗin da ya dace shi ne baƙin gam da ake manna gilashin gaban mota da shi. Sunansa yuretan. In ya bushe yana da ƙarfi, kuma yana da danƙo kamar tayar mota. Kamfanoni irin su Sika da 3M suna yin sa. A jikin kwalinsa akan rubuta URETHANE ko POLYURETHANE. Akwai mai irin wannan suna da magina suke toshe tsaga da shi, wanda bai kai na mota ƙarfi ba. Saboda haka a saya wurin masu sa gilashin mota, a ce musu na gilashin gaba ake so.

Mai saye ya karanta kwanan watan da ke jikin kwalin. Wannan gam yawanci ba ya wuce shekara ɗaya a ajiye. Wanda kwanansa ya ƙare, ko da rabin kuɗi aka bayar, a bar shi. Araha ba ta ado.

Tare da gam ɗin akwai wani baƙin ruwa da ake fara shafawa. Masu aikin suna kiransa firaima. Shi ne yake ƙulla zumunci tsakanin gam da gilashi da ƙarfe. A sayi wanda kamfaninsu ɗaya da gam ɗin.

Sauran kayan su ne: bindigar matsa gam, sabuwar reza, samfefa, sifirit na kemis, farin ƙyalle mai tsabta, salatif na takarda, sifana, sukundireba mai faɗin baki, safar hannu, tsohon bargo, da guntayen katako biyu. Sai kuma mutum na biyu. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne.

Sauke gilashi

A ajiye motar a inuwa, wurin da iska take shiga amma babu ƙura. Da safe ya fi, kafin gilashi ya ɗauki zafi.

A cire kan batir mai alamar ragewa. A zare wayoyin da suka shiga gilashin, wato na layukan wuta da na waifa in akwai.

Mutum ɗaya ya tallafi gilashin da hannu biyu. Ɗayan ya cire shok. A kowane bakin shok akwai ɗan ƙarfe mai kama da zobe. A ɗaga shi kaɗan da sukundireba, shok zai fita. Da zarar shok ya fita, nauyin duka ya koma hannun mai riƙo. Sai a gaya masa tukuna ya shirya. Shok kuma ba a huda shi, ba a jefa shi wuta, domin yana fashewa.

Sa'an nan a kwance hinjin daga jikin mota. Kafin a kwance, a zagaye wurin zamansa da biro. A sauke gilashin, a kwantar da shi a kan bargo bisa tebur. Kada a jingina bakinsa a kan siminti ko dutse.

Gyaran hinji mai noti

Wannan shi ne mai sauƙi. A cire tsohon noti. A goge tsatsar hinji da samfefa. A sa wa ƙusarsa ɗan giris har ya riƙa juyawa da yatsa. A sami sabon noti daidai da tsohon.

Doka ɗaya ce a nan: ƙarfe ba ya taɓa gilashi. Dole a sa washa ta roba ciki da waje, da ɗan bututun roba a cikin ramin. In ta asali ta mutu, a nemi sabuwa. A ɗaure notin a hankali. Da roba ta fara matsuwa, a tsaya. Wannan ba notin taya ba ne da ake hawa da ƙafa.

Gyaran hinji mai gam

A bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

1. A gane wurin zaman hinji. Tsohon gam yakan bar sawunsa a jikin gilashi. A ɗora hinjin a kan sawun, a zagaye shi da salatif. A auna nisan ɗaya hinjin daga bakin gilashi, a tabbata sun yi daidai. In an manna shi a karkace, gilashi ba zai rufu ba.

2. A duba tsohon gam. In ya kama gilashin ƙam, kada a kankare shi duka. A yanke shi da reza, a bar siriri kamar milimita 1 ko 2, wato kaurin tsinken ashana ko ƙasa da haka. Sabon yuretan yana kama ɗan'uwansa sosai. Amma duk inda tsohon ya ɗago ko yake marmashewa, a cire shi. In wani ya taɓa sa sufagulu ko silikon, a cire shi tas.

3. A goge cikin hinji da samfefa har tsatsa ta fita, ƙarfe ya yi haske.

4. A goge gilashin da hinjin da sifirit a farin ƙyalle. A bari su bushe. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, domin yatsa ma yana da maiƙo.

5. A girgiza firaima sosai. A shafa siriri sau ɗaya a kan ƙarfen, da duk inda gilashi ya fito babu tsohon gam. A jira ya bushe. Yawanci minti 10 ne, amma a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

6. A sa safar hannu. Wannan gam yana cutar fata, shaƙar warinsa kuma ba shi da kyau ga ƙirji. A matsa shi a kan hinji, ya rufe ko'ina, babu rami a tsakani.

7. A ɗora hinjin cikin layin salatif ba tare da ɓata lokaci ba, domin gam ɗin yakan fara yin fata bayan 'yan mintoci. A danna a hankali. Kada a matse har gam ya tsere duka. Ana so kaurin milimita 2 zuwa 3 ya rage a tsakani. Wannan kauri shi ne katifar da za ta riƙa shanye girgiza.

8. A ɗora guntun katako a kan hinjin, a aza masa ɗan nauyi don kada ya motsa. A share gam ɗin da ya fito gefe tun yana ɗanye. A cire salatif.

Haƙuri

A nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace. Mai mota yana tsaye, gobe kasuwa, fasinja suna jira. Ya taɓa gam ya ji bayansa ya bushe, sai ya ce a ɗaura. Sauri ya haifi nawa. Bayan ne ya bushe, cikin yana nan ɗanye.

Yuretan ba rana ce take busar da shi ba. Laimar da ke cikin iska ce take sa shi ya nuna, daga waje zuwa ciki. Shi ya sa ya fi saurin kamawa da damina. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe yake tsagewa don bushewar iska, yana jinkiri ƙwarai. 

A bar gilashin a kwance aƙalla awa 24 ba a taɓa shi ba. Awa 48 ta fi. Da hunturu a ƙara masa kwana. A rufa masa ƙyalle sama-sama saboda ƙura. In tafiya ta zama dole kafin nan, a toshe bayan motar da leda mai kauri da salatif, kada a bar kafa.

Mayar da gilashi da gwaji

Mutum biyu su ɗaga shi. A ɗaura hinji a wurin da aka zana, amma kada a ƙarasa ɗaure noti. A rufe gilashin a hankali. A duba ko tazarar dama da ta hagu sun yi daidai, ko makulli ya shiga ba tare da an tilasta shi ba. In sun yi, sai a ƙarasa ɗaurewa. A mayar da wayoyi da kan batir.

Shok shi ne na ƙarshe. Mai hikima yakan bar gilashin a rufe, babu shok, har mako guda, don gam ya gama nuna. In shok ɗin sun mutu, a canja su biyun tare, masu lamba irin ta asali. In ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, gilashi zai riƙa murɗewa.

Gwaji iri biyu ne. A sa falle na takarda tsakanin gilashi da robar ƙofa, a rufe, a ja. In ta fito salin-alin, akwai kafa a wurin. A gwada sama da ƙasa da gefe. Sa'an nan mutum ɗaya ya zauna ciki, ɗayan ya zuba ruwa da buta daga sama. Inda ruwa ya shiga, hayaƙi ma zai shiga.

Lokacin da gyara ba ya yiwuwa

Gaskiya ɗaya ce. Ba kowane gilashi ne yake karɓar gyara ba. In bakinsa ya ɓantare, a canja shi. In baƙin fentin ya ɗago tare da hinji, gam ba shi da wurin kamawa. In an manna da kyau har sau biyu yana saki, kada a yi na uku. In ƙarfen jikin mota da hinji yake zama a kai ya ruɓe, sai mai gyaran jikin mota ya fara yin nasa, bayan an sauke gilashi an kai shi nesa.

Waɗansu kamfanonin mota ba sa sayar da hinji mai gam shi kaɗai. A wurinsu, in ya saki, gilashin duka ake canjawa. Saboda haka hinjin da aka manna a gareji a riƙa sa masa ido. Makaniki na kirki yakan faɗa wa mai mota wannan tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

In abin ya faru a hanya

Direba ya tsaya a gefen hanya. Mutum biyu su mayar da gilashin wurinsa a hankali, su rufe, makulli ya kama. In akwai hali a cire shok, domin su ne suke ture shi waje. A manne bakin gilashin da jikin mota da salatif mai faɗi, har kafar ta toshe. In igiya za a sa, a sa tsumma a ƙarƙashinta. A gaya wa yaron mota da fasinja kada kowa ya buɗe.

A kunna fankar mota ta shigo da iskar waje. Buɗe tagar gefe kaɗai ba magani ba ne, domin takan ƙara jawo hayaƙi ta baya. A dawo da yara kujerun gaba-gaba. Duk wanda ya ce kansa yana ciwo ko yana jin jiri, a tsaya, kowa ya fito ya sha iska. In bai warware ba, a kai shi asibiti mafi kusa.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Sau ɗaya a wata, ranar wankin mota, direba ya ɗaga gilashin ya ɗan girgiza shi. In ya ji ƙwas-ƙwas, ko ya ga hinji yana motsi, ko ya ga jan ruwan tsatsa yana gangarowa daga sama, lokacin gyara ya yi. Ya ɗiga wa ƙusar hinji ɗan mai, amma kada man ya taɓa gam. Ya rufe gilashi daga tsakiya, da hannu a hankali. Kada ya danna shi a kan kaya. Kada ya yi tafiya da shi a buɗe. Kada ya bar yara su yi lilo da shi.

Jama'a, mota dukiya ce, abin da take ɗauka kuwa rai ne. Kwana biyu da mota za ta yi a gareji asara ce da ake mayarwa a kasuwa ta gaba. Raunin da gilashi zai yi wa yaro a ka ba a mayar da shi da kuɗi. Wanda ya ji wannan jawabi ya kai shi tasha, ya kai shi gareji, ya karanta wa wanda bai samu zuwa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A sauka lafiya.